Ɗakin Gilashin Glenys Bai Kai Hunturu Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da yankan gilashi bai gama warkewa a kansu ba, Athol Oakford na garin Franklin, a madadin matarsa Glenys da 'yarsu Kerryn, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar ɗakin gilashin da ke bayan gidansu, wanda suke renon shuke-shuke a cikinsa. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce, ana tsakar cin abincin rana, bayan jinyar da ya daɗe yana ɓoyewa. Ya rasu yana da shekara arba'in da 'yan kai. Ya tafi a wanke tas, an gama shirya shi don hunturun da bai gani ba.

Marigayin ɗan asalin wannan kwari ne, ba a kanti aka sayo shi ba. Jikinsa duka tagogi ne na tsohuwar rumfar tuffa da ke bakin kogi, inda Athol yake ɗaukar akwatuna yana saurayi, Glenys kuma tana layin matan da ke naɗe tuffa a takarda. Da kasuwar tuffa ta mutu aka zo rushe rumfar, Athol ya roƙi tagogin aka bar masa, domin Glenys ta ce ta gaji da jera ɗanyen tumatir a kan tagar kicin tana lallashinsa ya nuna. Athol ba kafinta ba ne. Da ido da zato ya yi ginin, shi ya sa babu kusurwa ɗaya a jikin marigayin da ta tsaya daidai. Ranar da aka gama, Bevan maƙwabcinsu ya leƙo ta kan shinge, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Abokina, wannan gini ka yi, ko haɗari ne ya faru ba mu ji ƙara ba?” Ya rantse ɗakin ba zai ga Kirsimeti ba. Tun daga shekarar Bevan yake cin tumatirinsa, bai taɓa janye maganar ba.

Duk wanda ya san marigayin zai shaida cewa mai riƙe ɗumi ne, mai karɓar baƙi. Ba a taɓa kawo masa shukar da ta galabaita ya ce babu wuri ba. Bai taɓa ɓoye wa kowa komai ba, duk abin da ke cikinsa a fili yake. Ba mai yawan magana ba ne, amma waɗanda suka zauna da shi sun san muryarsa. Da safe gumin da ya tara a rufi yakan sauko, ɗis, ɗis, a kan benci. In ana ruwan sama sai ya riƙa yin tas-tas-tas kamar ana soya gyaɗa. Akwai wani gilashi a ɓangaren yamma da bai taɓa zama daram ba, shi ke fara sanar da zuwan iska, kar-kar-kar, tun kafin rediyo ta faɗa. Glenys takan ji shi daga kicin ta je ta kwashe shanya.

Iyalin ba za su yi masa ƙarya don ya mutu ba: marigayin yana son a yi masa bauta. Kowace shekara, da zarar Afrilu, watan da sanyi ke fara kamawa a wannan yanki, ya shigo ganyen tuffa ya fara zuba, sai a tashi babban wanka, kuma a duniya babu aikin da Athol ya tsana kamar wannan. Sai an tumɓuke matattun tumatir masu wari kamar jiƙaƙƙen kare. Sai an fito da tukwanen shuka kaf an goge su ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan da ke sa yatsu su mutu. Sai an durƙusa a ƙarƙashin benci ana tsince dodon koɗi da ƙwayayensu, gizo-gizo na bi wa mutum ta wuyan riga. Gansakukar da ke shiga tsakanin gilashi da gilashi kuwa ba ta fita sai da tsohuwar wuƙar kicin, ita ma sai an yi ta ƙwaƙula. Bayan haka a shafe ciki da leda mai ƙurajen iska don tare sanyi, ledar da in an liƙa nan sai can ya saki. A ƙarshe a gyara lagwanin rishon da ke ɗumama ɗakin, mutum ya kwana biyu yana warin kananzir.

Amma uwar wahalar ita ce wankin gilashin ta waje. Athol kan hau tsani da bokiti da soso, ya ɗaga hannu sama, ruwan sabulu mai sanyi ya biyo hannun riga ya sauka a hammata. Glenys kuwa tana ciki cikin ɗumi, tana biye da shi da ido. Duk inda ya tsallake sai ta ƙwanƙwasa gilashin da farce.

“Baɗi guduma zan sa wa ɗakin nan,” haka yake cewa kowace shekara.

“To. Ka fara wanke kusurwar can tukuna, kada a ce ƙazami ka rushe.”

“Ke da ba ki taɓa hawa tsanin nan ba.”

“Ni na auri mai hawa. Malalaci, ga wani wajen nan.”

Haka suka yi ta yi har gashinsu ya yi fari. Kerryn, wadda yanzu take aiki a birnin Hobart, ta ce tana yarinya ta ɗauka wannan faɗan yana cikin abubuwan da ke kawo hunturu, kamar hazon kogi.

Ba zai yiwu a ba da labarin ƙarshen marigayin ba sai an faɗi abin da mutanen gari suka riga suka sani amma kunya ta hana su ambata. 'Yan shekarun nan ciwon mantuwa ya kama Glenys. Da makullai ya fara, ya koma sunayen jikoki, har wata rana ta tsaya a gaban kantin da ta yi rabin rayuwarta tana shiga, ta rasa ta ina ake komawa gida. Yamma ce lokacin da ya fi tsananta. Sai ta sa kwat ɗinta ta ɗauki jaka, ta ce za ta gida, mamarta na jira, alhali uwar ta daɗe a kabari. Tun bara ta daina kiran sunan mijinta. Takan dube shi da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙon da ya daɗe bai tafi ba, ta ce, “Bawan Allah, ko ka ga mijina?”

A nan ne marigayin ya nuna halin da iyalin ba za su iya biyansa ba. Idan Athol ya riƙo hannunta ya kai ta ɗakin gilashi, tana shaƙar warin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai kafaɗunta su sauka. Jakar ta zame a gefen kujera. Abin da kai ya manta, hannu bai manta ba: takan soka yatsa a tukunya ta san wadda ke jin ƙishi, ta tsinke tsiron gefen tumatir daidai inda ya kamata, ta juya ganyen lemo tana neman ƙwari. Takan wuni a nan ba ta nemi zuwa ko'ina ba. Athol ya kai mata tsohuwar kujerar falo da bargo, shi kuma ya zauna a kan kifaffen bokiti yana shan shayi, yana kallon matarsa ta dawo, ko da ba wurinsa ta dawo ba.

Kerryn ta daɗe tana maganar gidan kula da tsofaffi da ke garin Huonville, har ta je ta gani, ta yi wa uwar kamun wuri.

“Baba, kai ma fa ba yaro ba ne,” in ji ta. “Ranar da ka faɗi a banɗaki, wa zai ɗaga wa?”

“Ba zan faɗi ba.”

“Haka kowa ke cewa.”

“Muddin tana da ɗakin can, ba inda za ta. A can wa zai ba ta ƙasa ta taɓa?”

Kerryn ta leƙa ta taga, ta ga uwarta a cikin gilashi tana magana da kurangar inabi. Da za ta tafi ta ce, “To, mu ga yadda hunturun nan zai kasance.”

Saboda haka a bana, karo na farko, Athol ya tashi babban wanka ba tare da kowa ya tunzura shi ba. Ya tumɓuke, ya goge tukwane, ya durƙusa da gwiwar da likita ya hana shi durƙusawa da ita. Yana so a sani cewa aikin bai ƙara daɗi ba ko kaɗan. Ruwan yana nan da sanyinsa, ledar tana nan da taurin kanta. Abin da ya canza kawai shi ne babu wanda zai yi wa ƙorafi, kuma ya gano cewa aikin da aka tsana ya fi nauyi idan ana yin sa shiru.

A cikin wankan ne ciwon marigayin ya bayyana. Athol ya dafa katakon ƙasa, wanda tagogin yamma ke zaune a kai, don ya miƙe, sai babban yatsansa ya nutse ciki kamar burodin da aka tsoma a shayi. Ya gwada gaba, haka. Ya gwada ginshiƙin kusurwa, haka. Ya kira Bevan, wanda ya zo da sukudireba ya yi ta tsikara yana zagaye ɗakin. Wannan karon bai yi ba'a ba.

“Tsoho, fenti ne kaɗai ke riƙe da shi.”

“Na gani. Hunturun nan kawai nake nema. In bazara ta zo sai in sake katakon.”

“Da wane bayan?”

“Da naka.”

Bevan ya je gida ya jawo sandunan ƙarfe da ragowar katakon shinge. Tsofaffin biyu suka wuni suna tokare bangon ta ciki da waje, har marigayin ya yi kama da majinyacin da aka ɗaure wa karaya. Bevan ya ce in iska ba ta yi hauka ba, wataƙila.

Iyalin suna so a rubuta abin da ya faru washegari, domin shi ne aikin alheri na ƙarshe da marigayin ya yi. Athol yana kan tsani ta waje yana wanke layin sama, ruwa na bin hannun rigarsa kamar kullum, Glenys na ciki a kujera cikin bargo. Sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya duba ƙasa. Ta tashi tsaye, farcenta a jikin gilashi, fuskarta a murtuke.

“Athol. Ka tsallake nan.”

Ya riƙe tsanin da hannu biyu. Sannan ya sauko mataki ɗaya ya wanke wurin. Ta matsa gaba ta sake ƙwanƙwasawa. Wurin a wanke yake tas, shi ya wanke shi ɗazu, amma ya sa soso ya sake. Ta nuna wani, ya bi.

“Dubi aikinka,” ta ce. “Malalaci.”

“Ke da ba ki taɓa hawa tsanin nan ba,” ya ce.

“Ni na auri mai hawa.”

Ruwan bokitin ya huce ya zama kamar ƙanƙara, yatsunsa suka daina jin soson, bai sauka ba. Ya yi ta wanke wankakken gilashi tana bin sa ta ciki, daga wannan kusurwa zuwa waccan, har rana ta faɗa bayan tudu. Da ya shigo da ita gida ya cire mata takalma, ta dube shi ta ce ta gode, bawan Allah, ya kyauta. Bai ji zafin maganar kamar sauran ranaku ba. Ya gama liƙa ledar a satin, ya sa wa risho sabon lagwani, ya jera tukwane. Marigayin bai taɓa yin kyau irin na wannan satin ba.

Ranar Talata gilashin yamma ya fara kar-kar-kar tun da safe, rediyo ma ta ce iska mai ƙarfi na tafe. Glenys na ciki ta ƙi fitowa. Athol ya lallashe ta, ta ture hannunsa. Ya koma ya zubo miyar kabewa ya kawo mata ta shaƙi tururin, ya riƙa ja da baya da kwanon kaɗan-kaɗan har ta biyo shi kicin. Suna zaune a tebur, ba ta kai rabin kwanon ba, sai kar-kar-kar ɗin ya tsaya. Aka ji wani dogon nishi, ƙiiii, kamar tsohon da ke ƙoƙarin tashi daga ƙasa. Sannan tartsatsatsa, ƙarar da ta daɗe ba ta ƙare ba.

Glenys ta ɗaga kai ta ce, “Wani ya fasa faranti.” Ta ci gaba da shan miya.

Athol ya fita. Bangon yamma ya kwanta ciki, rufin ya zauna a kan bencuna. Babban katakon tsakiya ya sauka daidai kan kujerar, ya raba ta biyu, bargon na nan a kai. Ya tsaya yana kallon wannan, iska na tura shi. Daga nan ya kutsa cikin tarkacen da hannu ba safa, yana jan tukunyar lemon tsami, ɓarɓashin gilashi na tashi ta ko'ina. Bevan ne ya tsallako shinge, abin da ya yi shekara goma bai yi ba, ya cafko shi ta wuyan riga.

“Sake shi. Lemo ne. Idan gilashi ya yanke maka wuya, wa zai je ya zauna da ita?”

Ya saki. Bevan ya kai shi famfo ya wanke masa hannuwan, ya naɗe su da tsumman goge kwanoni.

Bangon gabas, wanda ke kallon kicin, bai faɗi ba. Daga taga mutum zai ɗauka ɗakin yana nan lafiya, haka kuma Glenys ta ɗauka. Tun daga ranar take zuwa ƙofar baya ta tarar da ita a kulle, ta murɗa, ta jijjiga, ta juyo ta ce, “Bawan Allah, ka buɗe mini, ina da aiki.” Athol ya kawo mata tukwane da ƙasa a kan teburin kicin, ta kalle su kamar kayan wani. Ranar Alhamis da yamma, yana banɗaki, ta fita ta ƙofar gaba. Bevan ya tsince ta a hanyar bakin kogi cikin yayyafi, da silifas, manyan motocin katako na wucewa ta gefenta. Kerryn ta iso kafin duhu. Ta busar wa uwar da gashi, ta kwantar da ita, sannan ta zo ta zauna gaban ubanta ta kama hannuwansa masu bandeji.

“Mutanen gidan tsofaffin sun kira ni tun satin jiya, Baba, ban faɗa maka ba. Ɗaki ya samu. Tagarsa arewa take kallo, rana na shiga har yamma.”

Athol ya ce, “Yaushe?”

“Litinin.”

“Ba ta son madara a shayi. Ki gaya musu. Za ta karɓa don kunya, amma ba ta so.”

Marigayin ya rasu ya bar lemon tsami guda mai karyayyen reshe, wanda ake sa ran zai tashi. Ya bar kurangar inabi, wadda saiwarta na waje don haka ba ta san an yi mutuwa ba, da 'yan tukwanen jan fure da barkono da suka tsira a ƙarƙashin benci. Ya bar risho da sabon lagwanin da ba a taɓa kunnawa ba. Akwai wani kwaɗo da ya daɗe yana zaune a bayan duron ruwa, har yanzu ba a ji ɗuriyarsa ba. Dodon koɗi kuwa, abokan gabarsa na tsawon rai, ko ɗaya bai ji ciwo ba. Ya kuma bar Glenys, wadda ba a faɗa mata ba, da Athol, wanda baɗi in Afrilu ya zo ba shi da abin wankewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan abincin rana, a bayan gidan. Masu zuwa su zo da safar hannu mai kauri da takalmi mai rufe ƙafa, kada a zo da yara ko karnuka. Bevan ne zai jagoranci sauke bangon da ya rage, kuma a ƙaramar tirelarsa za a kai gilashin juji. Ba za a ƙona katakon ba saboda tsohon fentin da ke jikinsa. Duk mai wurin da sanyi ba ya kamawa ya ɗauki tukunya ɗaya ya tafi da ita, ban da lemon, shi Huonville za shi in sun yarda. Za a dafa shayi, kowa ya zo da ɗan abin da ya toya kamar yadda aka saba. Iyalin suna roƙon kada wanda ya ce ai gilashi ne da katako kawai, kada kuma a kawo wa Athol hotunan sababbin ɗakunan roba da ake haɗawa a wuni guda. Ya san akwai su.

Glenys ba za ta halarta ba. Kerryn za ta fita da ita a mota tun kafin a taru, su je su ci kifi da soyayyen dankali, su kalli agwagi a bakin ruwa, ba za su dawo ba sai an share wurin. Athol yana roƙon mutum ɗaya ko biyu su daure su ɗan tsaya bayan an sha shayi. Ba aiki za su yi ba. Idan motar ta shigo, Glenys za ta je tagar kicin kamar yadda take yi, ta duba ta ga babu ɗakin gilashin, ta juyo ta yi tambaya, kuma ba ya so ya kasance shi kaɗai ne a ɗakin lokacin da za ta yi ta.